Duwatsun Kawu: A Sayar, A Zubar, Ko A Ajiye?

Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na lise, ina zaune a unguwar Zariya nan Maradi. Kawuna maginin rijiya ne, ya fi shekara 20 yana aiki tsakanin Damargu da Adar. Bana ciwon baya ya dawo da shi gida, ya zo da rabin buhu na duwatsun da ya daɗe yana tsinta a wurin aiki. Wasu a naɗe suke kamar ƙahon rago, wasu kamar ƙaramin fanke da zanen tauraro a baya, akwai kuma guntu mai kamar itace amma da nauyin dutse. Wani ɗan kasuwa ya taya buhun jika 40. Baba ya ce a sayar a saya wa Kawu magani. Kaka ta ce kayan aljanu ne, a fitar mata da su daga gida. Ni kuma na ce malaminmu ya koya mana cewa halittun teku ne na shekaru miliyoyi. Baba ya ce lakwal ta fara ɓata mini imani, tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Me zan yi?

Wa alaikumus salam, ɗanmu. Allah ya ba Kawunka lafiya, ya sanyaya zuciyar mahaifinka.

Mu fara da buhun, domin sai ka san abin da ke hannunka kafin ka san ta inda za ka ɓullo wa manya. Shimfiɗa tabarma a inuwa ka fito da duwatsun ɗaya bayan ɗaya, kada ka juye su lokaci guda su ƙwanƙwashi juna. Ɗauki ɗaya daga cikin masu kamar ƙahon rago. In naɗinsa a kwance yake kamar gammo, gefe da gefe iri ɗaya, to ba katantanwa ba ce, don ita naɗinta tashi yake yi har ya yi tsini. Jiƙa yatsa ka shafa wurin da ɓawon ya goge, za ka ga wasu layuka sun ratsa shi. Su ne sawun bangayen da suka raba cikin ƙwaryar ɗaki-ɗaki. Dabbar tana zaune a ɗakin bakin ƙofa, sauran ɗakunan kuwa iska da ruwa ne a ciki, su ke riƙe ta a tsakiyar ruwa kada ta nutse. In layukan sun yi lanƙwashe-lanƙwashe kamar zanen lalle, sunanta amonit. In kowane layi baka ɗaya ya yi, sumul kamar jinjirin wata, to notil ce, wadda danginta ke raye har yau a tekun Indiya da na Fasifik.

Wannan bambanci shi ne ma'auninka na farko. Amonit ta ƙare daga doron ƙasa shekara miliyan 66 da suka wuce, lokaci ɗaya da manyan dabbobin nan da ake kira dinozor. Duk dutsen da ya riƙe amonit a jikinsa ya girmi wannan lokaci. Na yankin Tanut, a Damargu, sanannu ne a wurin masana, shekarunsu wajen miliyan 94, har akwai wani jinsi da aka raɗa wa suna Nigericeras saboda ƙasarmu. Masu zanen tauraro mai reshe biyar kuwa bushiyar teku ce, ƙayoyin sun zube, ƙwaryar ta saura. Irinsu sun fi yawa a farin dutsen Adar, wanda ake ƙonawa a yi siminti a Malbaza, kuma shi ne dai ya miƙe har Kalambaina a Sakkwato. Shekarun wannan dutse wajen miliyan 60 ne. A cikinsa ana samun bushiyar teku da notil da kumba, amma ba a samun amonit, don kafin ya kwanta ta riga ta ƙare. Ka ga ke nan buhun Kawu ya haɗa teku biyu da ke da tazarar fiye da shekara miliyan 30 a tsakaninsu. Teku mara zurfi ne, mai ɗumi, ya shigo daga arewa ya malale inda Sahara take yau, ya janye, ya sake dawowa.

Gwaji biyu za ka iya yi a tsakar gida. Ɗiga binegar ko ruwan lemun tsami ɗigo biyu a bayan dutsen, wurin da ba zane, ka kanga shi kusa da kunne. Dutsen farar ƙasa yana ƙananan kumfa da ɗan sauti. Sai ka goge da tsumma mai danshi. Kada ka kusanci ruwan batir: yana cin hannu, yana kuma bar wa dutsen wani farin ɓawo da ke rufe zanen. Guntun nan mai kamar itace ba zai yi kumfa ba. Gwada shi da bakin wuƙa, in wuƙar ba ta kama shi ba, shi kuma ya karce kwalba, to itace ne da ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ratsa, ma'adinin yashi ya cike gurbin kowace jijiya tasa har ya zama dutse. Dubi bakin da ya karye, sau da yawa ana ganin tsagin itacen da ƙananan ramukan da ruwa ke bi. Wannan ba daga teku ya fito ba. Itacen bakin kogi ne da ambaliya ta binne da sauri kafin gara da ruɓa su cinye shi.

Saurin binnewa shi ne sirrin abin duka. Akuyar da ta mutu a fili, ungulu da karnuka da rana sun gama da ita cikin 'yan watanni. Sai abin da laka ko yashi ya rufe nan da nan, iska ta daina kai masa, shi ke da rabon zama dutse, kuma galibi sashe mai tauri ne ke saura: ƙashi, haƙori, ƙwarya, itace. Shi ya sa halittun ruwa suka fi na tudu yawa a cikin duwatsu.

Yanzu ga abin da muka fi so ka riƙe. Darajar waɗannan duwatsu tana tare da wurin da aka ciro su, kuma mutum ɗaya ne ya san wurin: Kawunka. Maginin rijiya yana karanta shimfiɗun ƙasa da dagi kowace rana. Tambaye shi, zai lissafa maka ba tare da ya yi tunani ba: gaba kaza na rairayi, sannan marmara, sannan jar laka, sannan baƙin yumɓu mai ɓarewa falle-falle, sannan farin dutse, sannan idon ruwa. Ya san cewa abin da ke ƙasa shi ya riga kwantawa, na sama ya zo ya danne shi. Wannan ita ce ƙa'idar farko ta ilimin duwatsu, wadda wani masani ɗan Danmak mai suna Steno ya rubuta a 1669. Ya kuma san cewa in ya tarar da baƙin yumɓu a wannan gari, akwai alamar zai sake tarar da shi a garin gaba, ko da zurfin ya bambanta. Da irin wannan lura wani Bature mai aikin haƙar magudanan ruwa, William Smith, ya gane cewa kowace shimfiɗa tana da nata irin burbushin halittu, wato gawar halittun da ta zama dutse, har ya fitar da taswirar duwatsun Ingila a 1815. Shi ma a bakin rami ya koyi abin.

In kana so ka ga yadda shimfiɗa ke kwantawa da idonka, je ka Gulbi bayan damina, ka sami wurin da ruwa ya zaftare gaɓa. Tsaya nesa da gindin gaɓar, don tana rufta wa mutum ba sallama. Za ka ga yashi mai manyan ƙwayoyi a ƙasa, lokacin da ruwan ke da ƙarfi, sai mai laushi a kansa, sai wata siririyar laka kamar takarda da ta kwanta sa'ad da ruwan ya lafa. A kanta kuma wani yashin, na wata ambaliyar. Kowace shimfiɗa tana faɗin irin ruwan da ya kawo ta. Tsakuwa mulmulalliya, kogi mai gudu. Yumɓu mai laushi, ruwan da ya tsaya. Farin dutse mai kumba, teku mai tsabta. Ƙasar Maradi kanta, ƙarƙashin rairayin, galibi dutsen yashi ne da yumɓu na tsofaffin koguna, shi ya sa ba a sa ran amonit a rijiyoyinmu kamar yadda ake samu a Damargu. In ka yi kudu wajen Dan Isa har ka ga tsohon dutse mai walƙiya ya ɓullo fili, wanda ya haura shekara miliyan 500, kada ka ɓata lokaci neman burbushi a jikinsa. Narkakken dutse ne da ya huce a can ƙarƙashin ƙasa, ba abin da ya taɓa rayuwa a ciki. Tsakaninsa da dutsen yashin da ke kansa akwai ɗaruruwan miliyoyin shekaru da ba su bar shimfiɗa ba, ko dai ba abin da ya kwanta, ko ruwa ya kwashe. Irin wannan giɓi yana da yawa, kuma mai ƙidayar shimfiɗu da ya manta da shi lissafinsa ya ɓaci.

Don haka aikinka na wannan mako shi ne ka sayi kaye, ka zauna kusa da Kawu da yamma, ka miƙa masa duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ka tambaye shi abu huɗu: wane gari, a cikin rijiya ko a fili, gaba nawa daga baki, da irin ƙasar da ke samansa da ƙasansa. Gabar babban mutum ta kai wajen mita 1.7, amma auna ta Kawu da mita ka rubuta a shafin farko. In rijiyar ta siminti ce, yawan zoben da aka zuba ya fi gaba daidai. Wanda ya ce bai tuna ba, rubuta "ba a sani ba". Kada ka cike masa da zato, don ƙaryar wuri ta fi rashin wuri ɓarna. Ba kowane dutse lamba. Ɗiga ɗan farin fenti kamar ƙwayar wake a gefen da ba zane, in ya bushe ka rubuta lambar a kai, ka sa ta a kaye. Ɗauki hoto uku na kowanne, sama da gefe da ƙasa, da dala ko abin awo a kusa don a san girmansa. Naɗe kowanne daban a takardar jarida, na Damargu kwali ɗaya, na Adar kwali ɗaya.

Akwai tambaya guda da za ka ƙara: a bangon rijiya ya ciro shi, ko a tarin ƙasar da ke baki? Tarin bakin rijiya a kife yake. Guga na farko shi ke ƙasan tarin, na ƙarshe, wato mafi zurfi kuma mafi tsufa, shi ke sama. Mutane da yawa sun ruɗe a nan. Kuma kome son ganin shimfiɗa, kada ka shiga tsohuwar rijiya. Iskar ƙasanta tana kashe mutum kafin ya yi kira.

Abubuwan da ke lalata irin waɗannan kaya sanannu ne. Wanda ya fito daga baƙin yumɓu, in ka tsoma shi a ruwa yumɓun ya kumbura, da ya bushe sai ya tsattsage ya zama gari. Tsohon buroshin haƙori busasshe ya isa. Kada ka shafa masa mai ko baranis don ya yi ƙyalli, suna toshe zanen da masani zai duba. Wanda ya karye, haɗa guntayen a takarda ɗaya ka bar su haka, don gam mai kamawa nan take ba ya cirewa in an haɗa a karkace. Za ka kuma tarar da waɗanda ba kome ba ne: dunƙulen marmara mai kamar ƙwai, ko baƙin zane mai rassa kamar ganyen gawo a fuskar dutse, wanda ma'adini ne kawai ya bi tsaga.

Sai batun miliyoyin shekaru, wanda ya jawo rigimar. Shimfiɗa tana faɗin wanda ya girmi wani, ba ta faɗin shekara. Shekarar daga wani ma'auni take fitowa. Yuraniyam, irin wanda ake haƙa a Arlit, yana rikiɗa zuwa dalma a hankali, da saurin da zafi ko sanyi ba sa canzawa. A ce kana da tiya 16 ta gero, duk wa'adi rabin abin da ya rage yana komawa gari: 8, sannan 4, sannan 2. Wanda ya auna gero ya auna gari ya san wa'adi nawa ya wuce. Wa'adin babban nau'in yuraniyam wajen shekara biliyan 4.5 ne. Ana auna shi a cikin wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira zirkon, da ke cikin tokar dutse mai aman wuta. In an sami toka a ƙarƙashin wata shimfiɗa da wata a samanta, shekarun shimfiɗar suna tsakani. A yawancin wurarenmu ba tokar, to a nan amonit ke aiki: jinsinta yana saurin canzawa, kuma teku ya yaɗa ta nesa. Dangin na Tanut ana samun su a Ashaka ta jihar Gombe, da Fotugal, da Amurka inda shimfiɗun toka suke da yawa. Shekarun da aka auna a can su ake ɗorawa a nan. Ma'aunin kabon 14 da kuka yi a aji ba ya aiki a kan buhun Kawu, don wa'adinsa shekara 5,730 ne, bayan wajen shekara 50,000 ba abin da ya saura da za a auna. Shi ya dace da wuri irin Gobero a Tenere, inda aka gano a shekarar 2000 kaburburan mutanen da suka zauna bakin tafki tun wajen shekara 10,000 da suka wuce, tare da ƙasusuwan dorina da giwan ruwa.

Masana suna kuskure, suna kuma gyarawa, kuma ya kamata ka faɗi haka da bakinka. Jobaria, ƙaton dinozor mai dogon wuya da aka tono a yankin In Gal aka bayyana shi a 1999, da farko an ba shi shekara wajen miliyan 135. Da aka sake nazarin shimfiɗun da ya fito ciki, aka mayar da shi sama da miliyan 160. Dabbobin da aka tono a Gadufawa, cikin Tenere, kuwa, shekarunsu wajen miliyan 110 ne: Ouranosaurus mai tozo a baya da Philippe Taquet ya bayyana a 1976, da Nigersaurus mai faffaɗan baki da haƙora sama da 500, da kadan nan Sarcosuchus wanda tsawon kansa kaɗai ya fi mita ɗaya da rabi. In Allah ya kai ka Yamai, shiga gidan tarihi na Bubu Hama ka tsaya kusa da su.

Game da sayarwa, ra'ayinmu kada a sayar. Dokar ƙasa ta 30 ga Yuni 1997 kan kare kayan tarihi ta hana fitar da irin waɗannan abubuwa waje ba da izini ba, kuma mai saye a buhu ba don adon ɗakinsa yake saye ba. Abin da muke tsoro shi ne bayan ciniki ya nemi Kawu ya nuna masa wuraren. Inda 'yan tono suka shiga, sukan fizge kai da haƙora su watsar da sauran, su dagula shimfiɗar yadda ba mai iya karanta ta kuma. Amma ka tuna abu biyu. Duwatsun na Kawu ne, shi ke da ta cewa. Kuma ciwon bayansa gaskiya ne, mahaifinka bai yi laifi ba da ya fara tunanin magani. Kada ka hana jika 40 shiga gida ka tsaya hannu rabbana. Nemi takardar likita ka san ainihin kuɗin maganin, ka kai maganar ga iyayenka mata da 'yan'uwan Kawu, kai ma ka sa abin da hutunka zai iya samarwa. Sannan ka ɗauki hotunan da kayen, kai da malaminku, ku je sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Dan Dikko Dankulodo ta nan Maradi. Hotuna za ku fara kaiwa, duwatsun su zauna gida har Kawu ya yarda. In akwai ƙashi ko haƙori a ciki, shi za ku fara nunawa. In kuwa wata rana aka ci karo da ƙashin da ke kama da na mutum, a bar shi inda yake a sanar da mai gari da hukuma.

Mahaifinka kuma, kai za ka je ka same shi, kada ka jira ya neme ka. Muna zaton ba miliyoyin ne suka fi ɓata masa rai ba, gyara masa magana da ka yi a gaban mahaifiyarsa da surukinsa ne. Same shi shi kaɗai bayan sallar isha, ka durƙusa ka ce, "Baba, na yi kuskure da na ɗaga murya, a yi mini afuwa." Kada ka haɗa da "amma". Ranar ba ta bayani ba ce. Bayan kwana biyu ka roƙi Kawu ya ba da labarin rijiyoyinsa Baba yana zaune, ya faɗi yadda ya tarar da kumba gaba 15 ƙarƙashin busasshiyar ƙasa. Daga bakin tsaransa zai fi jin ta. In ya tambaye ka, gaya masa cewa malaman Musulunci sun riga Turawa lura da wannan. Al-Biruni, wanda aka haifa a 973, ya rubuta cewa hamadar Larabawa teku ce a da, kuma hujjarsa ita ce shimfiɗun yashi da tsakuwa da ƙwaryar halittun ruwa da ake tararwa in ana haƙa rijiya. Aya ta 20 a Suratul Ankabut ta yi umarni a yi tafiya cikin ƙasa a duba yadda Allah ya fara halitta. Abin da ya wuce nan na tafsiri, ku kai shi gaban malamin da Baba ya amince da shi, kai ka tsaya a kan abin da za ka iya nunawa da yatsa.

Kaka ba ta neman hujja, kwanciyar hankali take nema a gidanta. Kada ka tsaya gardamar aljanu da ita. Ce mata, "Kaka, na ji, yau za su bar ɗakin nan." Ka kwashe kwalayen ka kai su shagon Kawu ko ka ba malaminku ajiya a lakwal, a ɗora su kan katako nesa da danshi da gara, kayen kuma ya zauna a hannunka.